Famfon Gado na Shida

A ɗakin da muke kula da masu tsananin ciwo, sunana Marowaciya. Ba rowar abinci ake nufi ba, kowa ya san in na zo da kwanona sai an ci an bari. Rowar ruwa ce. In likita ya rubuta a ƙara wa majinyaci ledar ƙarin ruwa ɗaya, sai na tsaya na tambaye shi dalili, na danna ƙaurin majinyacin na ga ko yatsana zai bar rami, na saurari ƙirjinsa, na leƙa ledar fitsari. Sababbin likitoci suna jin haushina, tsofaffin kuwa sun saba. Shekara goma sha tara na yi ina jinya a ɗakin nan, sha ɗaya daga ciki da wannan suna na yi su.

Yawancin waɗanda ake kawo mana, ƙwayar cuta ce ta shiga jininsu. Jijiyoyi su saki, awon jini ya faɗi warwas, gwiwoyi su yi sanyi, fitsari ya ɗauke. Bayan maganin kashe ƙwayar, abu na farko shi ne ƙarin ruwa, a cika jijiyoyin don zuciya ta sami abin turawa. A nan babu gardama. Gardamar tana kan inda za a tsaya. In ka gaza, ƙoda ta bushe. In ka zarce, ruwan ya tsatsafo daga jijiya ya taru a huhu, mutum ya nutse yana kwance a kan busasshen gado. Na ga hakan da idona, kuma da hannuna aka yi.

Wani dattijo ne mai gyaran famfo. Tsohon ƙarfe ya yanke shi a ƙafa wajen aiki, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa, bayan kwana biyar aka kawo shi ranga-ranga. Muka kwantar da shi a gado na shida, wanda ke kusa da taga, gefen kwamin wanke hannu. A lokacin abin da aka koya mana ke nan: in jini ya sauka, a zuba ruwa, in ya sake sauka, a sake zubawa. Cikin kwana ɗaya da yini na rataya masa leda tara, kowace lita guda. Hannuwansa suka kumbura har layukan tafinsa suka ɓace. Da hantsi ya farfaɗo, ya bi robar ƙarin ruwan da kallo tun daga hannunsa har zuwa ledar da ke sama, irin kallon da mai sana'a ke yi wa aikin da wani ya ɓata.

"'Yata," ya ce, yana jan numfashi da ƙyar, "tankin nan yoyo yake. In kin ga tanki ya ƙi cika, ba ƙara ruwa ake yi ba. Rufe famfon."

Na yi dariya, Allah ya gani na yi dariya. Na ce masa Baba ka bar wa masu asibiti aikinsu, kai ma in na zo gyaran famfo ba zan koya maka ba. Na rataya ta goma. Kafin azahar kumfa mai ruwan hoda ta fara fito masa ta baki, muka sa masa injin numfashi, bai kai la'asar ba. Ba wanda ya ce na yi laifi, don abin da aka rubuta na bi. Amma ni na san ya gaya min, kuma na san me na ce masa.

Bayan wata huɗu aka yi wa ɗakin gyara, aka mayar da bututun ruwa duk zuwa ɗaya bangon. Kwamin da ke gefen gado na shida aka bar shi a wurinsa don cire shi zai fasa bango. Sun yanke bututun da ke kawo masa ruwa, sun yanke na ƙasa mai fitar da shi, suka rufe 'yar durowar da ke ƙarƙashinsa. Muka mayar da shi wurin ajiye kwalayen safar hannu. Famfon yana nan a kansa, ka murɗa shi har ka gaji ko iska ba za ta fito ba.

Wata ranar Talata da tsakar rana, ina shirin rataya wa wata mata leda ta biyar a gadon nan, sai na ji ɗis. Na tsaya. Na sake jin ɗis. Na ɗaga kwalayen, ga ɗigo biyu a cikin kwamin, ga na uku yana taruwa a bakin famfon, yana nauyi a hankali. Na ajiye ledar, na sa abin sauraro a bayan matar, na ji ƙasan huhunta yana ƙara kamar ana murza gashi kusa da kunne. Na kira likita, ya saurara, ya ce a tsayar da ruwa a koma maganin matse jijiya. Ina murza 'yar tayar da ke rufe robar, famfon ya yi shiru. Matar ta tashi, ta koma gida da ƙafarta.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A shekara goma sha ɗaya na ƙirga sau ashirin da uku, kuma bai taɓa yin ƙarya ba. Kullum da rana ne, kullum a kan majinyacin gado na shida, kullum daidai lokacin da ruwa ya fara yi wa mutum yawa, kuma da an rufe yake dainawa. Sauran ma suna jinsa. Ƙawata da muka fara aiki tare, wadda muke kira Uwar Surutu, takan ce raɓa ce ke taruwa a cikin tsohon ƙarfe saboda sanyin na'urar ɗakin. Na ce mata haka ne. Ban gaya wa kowa abin da nake tunani ba, don mai jinyar da ke karɓar shawara daga mataccen famfo ba za ta daɗe da farar riga ba. Sai dai in na shigo da safe nakan ɗan taɓa kan famfon da yatsa biyu, yadda mutum ke gaida maƙwabci ta kan katanga.

Sannan aka kawo Yaya.

Yaya ce ta raine ni tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ta yi ta ɗinki har na gama makarantar jinya, kuma har na yi furfura ba ta daina kirana Auta ba. In na yi mata faɗa a kan ciwon suganta sai ta ce to bokanya, an ji. Mace ce mai jiki, mai dariya, mai shan ruwa kamar raƙumi. A gefen keken ɗinkinta kullum akwai wani babban jug mai murfi, ta cika shi sau huɗu a yini, kuma in ta sha sai ta yi ajiyar zuciya ta ce duk duniya ba abin da ya kai wannan. Kwana uku tana fama da zafin fitsari da ciwon kwiɓi ba ta gaya min ba, wai kada na tayar da hankalina. Ranar Alhamis da safe maƙwabciyarta ta same ta a ƙasa kusa da keken, tana rawar sanyi, tana kiran sunan mahaifiyarmu.

Ƙarfe goma aka turo ta ɗakinmu. Gado ɗaya ne babu kowa a kai, kuma tun kafin su juyo da ita na san wanne ne.

Doka ce ba ka jinyar naka. Shugabar ɗakin ta karɓe majinyatana ta raba wa wasu, ta ce na zauna a kujera a matsayin 'yar'uwa, kada na taɓa ko auduga. Aka ba Uwar Surutu Yaya. Likitan da ke aiki ranar wani dogo ne mai sanyin magana, muna ce masa Likita Dogo, ya san halina kuma bai taɓa raina tambayata ba. An riga an ba ta maganin kashe ƙwayar, an ba ta lita biyu, an fara maganin matse jijiya kaɗan-kaɗan. Jinin ya ɗan ɗago, ya sake zamewa. Ledar fitsari ba ta tara abin da zai cika cokali uku ba.

Likita Dogo ya yi abin da ake yi yanzu kafin a ƙara ruwa. Ya kwantar da kan gadon, ya sa Uwar Surutu ta ɗaga ƙafafun Yaya sama, don jinin da ke cikinsu ya gangaro zuwa zuciya, kamar an ba ta ƙarin ruwa na aro. Ya ɗora na'urar hoto a ƙirjinta yana kallo. In zuciya ta ƙara turawa, to tana son ruwa. In ba ta motsa ba, ta ƙoshi. Ya juyo da allon wajena da gangan, ya nuna min da yatsa.

"Kin gani, Sista? Tana buƙata. Huhunta fes yake. Lita ɗaya, cikin rabin awa, sannan mu sake dubawa."

Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Amma ina riƙe da hannun Yaya, idona ya faɗa kan zoben da ke yatsanta, naman ya tattaro ya rufe gefensa. Zoben nan ya fi shekara goma da maƙalewa, ni da kaina na sha gwada cire shi da sabulu muna dariya. Ranar sai na ga kamar yanzu ya maƙale. Na ga tafin hannun dattijon nan da layukansa suka ɓace. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ni kuwa shekara sha ɗaya ina gudu. Uwar Surutu ta rataya leda ta uku, ta buɗe ta sosai, ɗigon ya zama zare. Na kasa kunne wajen kwamin. Shiru.

Yaya ta buɗe ido, leɓɓanta sun tsage. Ta ce, "Auta, ƙishi." Na ce mata yanzu za a ba ta, ta rufe ido.

Ana haka na'urar gado na biyu ta ɗauki kuka, zuciyar wani bawan Allah ta tsaya. Kowa ya ruga can, har Uwar Surutu, ta ja labulenmu tana cewa na sa mata ido a kan ledar. Na rage daga ni sai Yaya sai famfon. Ina jin su ta bayan labule suna ƙirga dannan ƙirji. Na dubi famfon, na ce a raina in ya yi magana ai ruwa ya riga ya fara shiga huhu ke nan, sauran mutane na iya jiran gargaɗi, amma ba Yayata ba. Rigakafi ya fi magani. Haka na gaya wa kaina, kuma a lokacin maganar ta yi min daɗi a kunne.

Na miƙe na murza tayar, zaren ruwan ya tsinke. Sai na tuna in Uwar Surutu ta dawo za ta buɗe, ta kuma yi min surutu. Na sauke ledar, na zare bakinta, na ture kwalayen safar hannu, na matse ta a cikin kwamin. Ramin ya shanye ruwan ba ƙara ko kaɗan. Na bar ɗan abin da ba a rasa ba a gindin ledar, na mayar da ita inda take, na mayar da kwalayen, na zauna. Agogon bango ya ce sha ɗaya da rabi. Hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan shi ne abin da har yau yake ba ni tsoro.

Sun yi minti arba'in a gado na biyu kafin su dawo da mutumin. Uwar Surutu ta shigo tana share gumi, ta ga leda ta ƙare, ta rubuta a takardar shiga da fita cewa lita uku sun shiga. Likita Dogo ya zo ya dubi allon. Jini bai ɗago ba, fitsari bai zo ba. A lissafinsa an ba ta abin da zuciyar ta nema kuma bai yi amfani ba, don haka ƙari ba zai yi komai ba sai cutarwa.

"Yau kin fi ni gaskiya, Marowaciya," ya ce. "A tsayar da ruwa. A ƙara maganin matse jijiya."

Bai gama fita ba na ji ɗis.

Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya har tafin ƙafa, sanyin daɗi. Na ce a raina ka ga, da na bari ta shiga, da yanzu wani zance ake. Har godiya na yi wa dattijon, a hankali, bakina yana motsi. Uwar Surutu ta ce ga tsohon ƙarfenki nan ya fara, na yi murmushi.

Ƙarfe ɗaya ta yi, biyu ta yi. Rana ta zagayo ta faɗo ta tagar, ta kwanta a kan bargon Yaya. Ana ta ƙara maganin, lambar da ke kan allo tana hawa da ƙyar tana saukowa. Na yaye bargon na dubi ƙafafunta. Gwiwoyin sun yi dabbare-dabbare, yatsun sun fara duhu, sanyi kamar an ciro su daga randa. Na danna farcenta, farin ya daɗe bai koma ja ba. Na danna ƙaurinta, yatsana bai bar rami ba. Ledar fitsari kuwa tana nan yadda take tun safe. Yaya ta daina cewa ƙishi, ta daina cewa komai, sai harshenta da ke motsi a cikin baki yana neman abin da babu.

Ɗis. Ɗis.

Wajen ƙarfe uku na fara jin abin ba daidai ba. Sau ashirin da uku, da an rufe ruwa yake yin shiru. Yau an rufe tun kafin azahar, shi kuwa bai fasa ba, bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Kuma ƙarar ba irin wadda na sani ba ce. Wadda na sani tana da kaifi, ɗigo a kan farin kwami. Wannan a dushe take, kamar daga cikin wani abu rufaffe. Na zauna ina jinta, na kasa tashi na duba, don wani ɓangare na zuciyata ya riga ya san abin da zan gani. Duk ɗigo ɗaya sai na ji shi a tsakiyar kaina. Uwar Surutu ta kawo min shayi, ya huce a hannuna.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Iya mai goge ƙasa ta shigo da bokitinta, kamar kullum. Tsohuwa ce da ta riga ni zuwa ɗakin, ba ta magana sai ta kama. Ta zagayo bayan gadon, ta tsaya. Wani siririn ruwa ya fito daga ƙarƙashin durowar kwamin, ya bi layin tayil, ya zo har gindin kujerata. Gefensa ya bushe ya bar fari-fari. Ta durƙusa da ƙyar ta ja ƙofar durowar, ta buɗe da ƙara. A ciki ga guntun bututun da aka yanke, an toshe bakinsa da tsumma tun shekarun nan, tsumman ya jiƙe sharkaf, yana ɗiga a cikin wani tsohon faranti na ƙarfe da ya cika ya tumbatsa. Ta shafa farin da yatsa ta murza.

"Wannan ruwan leda ne, mai gishiri," ta ce. "Wa ya zuba ruwan majinyaci a mataccen kwami?"

Ba ni take kallo ba, da tsummanta take magana. Na miƙe na ɗaga kwalayen. Na sa yatsa a bakin famfon. A bushe yake ƙayau, har da 'yar yanar gizo a ciki. Tun safe bai ce komai ba. Da aka rataya leda ta uku ma bai ce komai ba, kuma shirun nan shi ne maganarsa, ni ce ban tsaya na ji ba. Abin da na wuni ina saurare ina godiya, ruwan Yaya ne yake zuba a ƙasa.

Ban san yadda na isa teburin likitoci ba. Likita Dogo yana rubutu. Na ce masa leda ta uku ba ta shiga ba, na zubar da ita, lita biyu kawai ke jikinta. Ya ɗago ya dube ni. Na so ya yi min tsawa, da ya fi min sauƙi.

"Tun ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya da rabi."

Ya dubi agogo, ya ajiye biron, ya wuce ni. Suka sake ɗaga ƙafafunta, zuciyar ta amsa fiye da yadda ta amsa da safe. Uwar Surutu ta rataya leda, ta buɗe, kuma karo na farko tun da na san ta ba ta ce uffan ba. Ta tsaya tsakanina da robar, ta ba ni baya. Lita ɗaya ta shiga, aka duba, aka ƙara rabi, aka duba, aka tsaya. Kafin magariba jinin ya zauna, aka fara rage maganin, yatsun ƙafar suka yi ɗumi. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen ledar fitsari daga nesa. Ba ta motsa ba ranar, ba ta motsa ba washegari.

Yaya ta rayu. Ƙodarta ce ba ta dawo ba. Aka jira sati biyu, aka jira wata uku, daga nan aka daina cewa jira. Na tsaya gaban kwamitin asibiti na faɗi komai yadda ya faru, ban da zancen famfo, na ajiye musu katin aikina tun kafin su nema. Likita Dogo ya tare ni a baranda ya ce suga ya riga ya cinye rabin ƙodar tun da daɗewa, ciwon ma a cikinta ya fara, ba wanda zai iya rantsuwa cewa awa biyar ɗin nan ne suka ƙarasa ta. Na gode masa. Mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa, ba wanda zai iya rantsuwa. Ni dai ban nemi kowa ya rantse min ba.

Na dawo da Yaya gidana. Sau uku a sati nake kai ta wankin ƙoda, ta yi awa huɗu a jikin inji, ta dawo a galabaice. Tunda jikinta ba ya fitar da ruwa, duk abin da ta sha yana nan har ranar wanki, in ya yi yawa huhu zai tafi. An yanka mata rabin lita a yini, har da wanda za ta haɗiyi magani da shi. Na sami wata gora na ja mata layi huɗu da jan biro. Babban jug ɗinta na ɓoye shi a saman kabad don kada ta riƙa ganinsa. Matar da ke cika shi sau huɗu, yanzu da murfin gora nake auna mata.

Na gaya mata abin da na yi, wata biyu da fitowarta, don na kasa ci gaba da karɓar godiyarta. Ta ce ai da nufin alheri na yi, Allah ya riga ya rubuta, kada na sake tayar da zancen. Sannan ta ce tunda na gama kuka, na miƙo mata ruwanta. Ba ta sake tayar da shi ba, ni ma haka.

Ranar da nake son faɗa Lahadi ce, ranar da ta fi nisa da wanki, ana zafi mai sa bango ya yi ɗumi. Kwana biyu ba a kawo ruwa unguwarmu ba, da na bokiti muke amfani. Kafin ƙarfe uku Yaya ta kai layin ƙarshe na gorarta. Ƙafafunta sun ɗan tasa tun safe, na gani, na danna, ramin ya zauna. Tana kwance a doguwar kujera tana lasar leɓe. Ta kira ni, ba da muryar wasa ba.

"Auta, ko cikin cokali ne. Don Allah."

Yaya ba ta taɓa roƙona komai ba tun da aka haife ni. Na shiga kicin. Na ce rabin kofi ba zai kashe kowa ba, gobe da safe inji zai janye shi, kuma wace ce ni da zan sake hana ta ruwa? Na ɗebo daga bokiti, na zuba rabin kofi, na ƙara kaɗan. Na juya zan fita.

Ɗis.

Mai kaifi, a kan kwamin wanke-wanke. Na tsaya da kofin a hannu. Rana tana shigowa ta taga, yara suna wasa a waje, wani yana buga ƙusa a maƙwabta. Na koma na sa yatsa a bakin famfon da ya kwana biyu ba ruwa, yatsana ya fito a jiƙe. Wani ɗigon yana taruwa, yana nauyi a hankali.

Na juye kofin a bokiti. Ɗigon ya tsaya inda yake, bai faɗo ba.

Na tsoma 'yar auduga a ruwa, na matse ta, na fito. Na durƙusa gaban Yaya na shafa mata a leɓe, na sama da na ƙasa. Ta kama audugar da haƙori tana tsotsa, na janye a hankali. Ta dubi hannuna, ta dubi ƙofar kicin, sannan ta dube ni, ta daɗe tana kallona.

"Marowaciya," ta ce.

Na ce na'am.